Goggo da Fortigen Magarya

Ran da Goggo ta koma ga Mahaliccinta, rana ba ta kai tsaka ba sai da amalanken jakai suka cika ƙofar gidanmu a Magarya. Matan ƙauyen Kwaya ne suka fara isowa, dangin kakarmu, sai na Dogo-Dogo a bayan babura. Ni a Dungas nake aure, amma ina gidan tun farkon jinyarta. Duk wadda ta shigo ni take nema ta riƙe wa hannu, don kowa ya san a ɗakin Goggo na tashi.

Kowa da irin kukansa. Maƙwabciyarta, tsohuwar da suka yi shekara da shekaru suna faɗa a kan kaji da magudanar ruwa, ta zauna bakin ƙofa ta miƙe ƙafa, ba ta kula kowa ba. Sai can ta ce, "To yanzu da wa zan yi?" Mai burodin bakin tasha, ƙaton mutum mai furfura, ya tsuguna a zaure yana share ido da hannun riga, yana faɗa wa duk wanda ya zauna kusa da shi cewa ita ta koya masa kwaɓi. Bayan an dawo daga maƙabarta aka jawo wani tsohon direban babbar motar kamiyo da idonsa ya tafi. Ya sa aka kira ni zaure. Ya yi min gaisuwa, ya yi wa Goggo addu'a, sannan ya ce:

"Ƴata, ba mutum ɗaya kuka rufe ba yau. Kun rufe magini, kun rufe makanike, kun rufe mai burodi da matarsa. Duk Fortigen garin nan a bakinta suke zaune."

Da na koma cikin gida, amaryar ƙanena, wadda ba ta daɗe da tarewa ba, ta matso kusa da ni ta yi ƙasa da murya.

"Yaya, wai su waye Fortige?"

Tambayar tata ce ta sa na zauna rubuta wannan.

Goggo yayar mahaifina ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Ta yi aure, ta haihu, amma Allah bai bar mata ko ɗaya ba, shi ya sa aka ba ta ni tun daga yaye. Bayan rasuwar mijinta ta dawo gidan ubansu, katanga ɗaya ta raba sashenmu da na su Baba. Doguwa ce, fara, idanunta irin na mage, gashinta in ta tsefe har gadon baya. In muka fita kasuwa yara kan biyo mu suna kiran ta Baturiya. Ni sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ita kuwa sai ta tsaya, ta yafito wanda ya fi sauran baki.

"Zo nan. Ba Baturiya ba, ƴar Fortige. Faɗi in ji."

Yaro ya faɗa.

"Madalla. In za ka yi tsokana, yi ta daidai."

Fortige shi ne yadda harshen mutanenmu ya juya sunan mutanen ƙasar Fotugal. A zamanin gyaɗa, lokacin da Faransa ke mulki, wasu ƴan tsiraru daga cikinsu sun zauna a Magarya, a gefen mangazun da ake tara buhuna. Goggo kan ce Turawa ne, amma ba irin na bariki ba. Yunwa ce ta koro su daga garuruwansu, suka zo da sana'ar hannu. Kumandan, babban Baturen mulki, ba ya kiran su teburinsa. Su suke hawa tsani, su suke kwanciya ƙarƙashin mota, da hannu suke cin tuwo. Uban su Goggo yana cikinsu, shi ne maginin. Mu jikoki ba mu gan shi ba, Kaka Magini muke ce masa.

Ba ta taɓa ba da labarinsu a jere ba, kuma ba ta yarda a ce mata, "Goggo, ba mu labari." Sai abin ya zo da kansa. In babbar mota ta wuce tana tari, sai ta ɗaga kai daga ɓarar gyaɗa ta ce, "Da makanike na nan da tuni ya fito da gudu." Daga nan za mu ji yadda yake kara kunne a jikin inji kamar mai sauraron ciki, yadda bel ya cinye masa yatsu ya naɗe wurin da tsumma ya ƙarasa aikin, yadda yake zagin mota da yarensu sannan ya ba ta haƙuri da Hausa. In tana kwaɓa fulawa, labarin mai burodi ne da matarsa, mace ɗaya tilo da ta biyo su. Matar ta nace sai ta koyi daka. Goggo kan miƙe tsaye ta kwaikwayi yadda take riƙe taɓarya kamar mai kashe maciji, mu yi ta dariya har da hawaye. Tana gamawa sai ta zauna ta ce, "Amma ba a taɓa haihuwa a unguwar nan ba ta je da abinci ba."

Ran Lahadi, inji ta, sukan taru gindin tsamiya su yi waƙoƙin garinsu. Da fari da dariya, daga baya murya ta yi ƙasa. Tana yarinya takan laɓe bayan itacen tana kallo, tana mamakin manyan maza masu gashin baki suna hawaye ba wanda ya mutu.

Daga yaren ubanta kalmomi kaɗan muke ji a bakinta. Akwai minina, wato yarinya, sunan da yake kiran ta da shi. Akwai dibaga, wato a hankali. Wannan ta biyun ta bi ta har tsufa. In na zuba gishiri da gaggawa, dibaga. In ɗan kabu-kabu ya fige ta a kan babur, sai ta dafa kafaɗarsa: "Dibaga, ɗan nan, ba gobara za mu kashe ba." Har ƴan tasha suka ɗauka, suna faɗa wa junansu ba su san daga inda ta fito ba.

Yadda Kaka Magini ya zama namu, a Kwaya abin ya faru. An tura shi gina mangaza a can, zazzaɓi ya kayar da shi, ƴan aikinsa suka tsorata suka watse. Matan gidan mai gari ne suka ɗauke shi, suka yi ta ɗura masa kunu da jiƙo har ya tashi. Cikin masu kai masa ƙwarya akwai kakarmu, tana budurwa, ita ya aura daga baya. Goggo ba ta son a ce don aure ya musulunta. Ta ce ya daɗe yana zama wurin liman yana tambaya, har liman ya gaji da shi. Ƴan uwansa Fortige sun yi fushi, sun ƙaurace masa. Amma ran sunan Goggo sai ga su duka a ƙofar gida, mai burodi da kwando a ka.

Abin da ta fi tunawa da shi tabki ne. Da damina, in tabkin bayan gari ya cika, yakan ɗauke ta da la'asar su je bakin ruwa. Ya zauna ya fuskanci yamma, ya ɗora ta a cinya. Ya ce mata a garinsu ruwa ba shi da wancan gefe, kuma uwarsa kifi take sayarwa, da kwando a ka kamar matan nan. Wata rana wani direba ya kawo masa labarin rasuwar uwar, labarin da ya riga ya tsufa a hanya. Tun daga nan bai ƙara zancen komawa ba, amma bai daina zuwa tabki ba. Duk damina Goggo kan ja ni zuwa wurin, ta nuna min inda yake zama. Ba komai a wurin sai laka da sawun shanu. Mukan daɗe tsaye. Ina yarinya nakan ƙosa. Ita kuwa ido take zuba wa ruwan, kamar tana jiran ya ƙaru.

Da Faransa ta tafi, kasuwar gyaɗa kuma ta fara ja da baya, Fortige suka kama hanya ɗaya bayan ɗaya. Kaka Magini kaɗai ya rage, kuma bai jima ba ciwo ya kama shi. Goggo ta zama budurwa a lokacin, Baba kuwa ana goyon sa. A maƙabartar Musulmi aka rufe shi. Amma a ƙarshen gonarsa akwai wani ɗan fili inda ƴan uwansa suka rufe nasu matattun: makanike, da wani saurayi da maciji ya sara tun bai koyi gaisuwar Hausa ba, da ƴar mai burodi, ƙawar wasan Goggo, wadda ƙyanda ta ɗauke. Yana kwance ya kira Goggo ya ce mata:

"Minina, ni ina da masu yi min addu'a. Waɗancan ba su da kowa. Kada ki bari a manta inda suke."

Ba ta bari ba. Kowace kaka, bayan an kwashe amfanin gona, takan ɗauki tsintsiya da fartanya ta tafi. Ta cire ciyawa, ta gyara duwatsun da ruwa ya ture, ta kira sunan kowa. Mutane sun yi magana, ba kaɗan ba. Wai mace mai salla da azumi me ya kai ta kaburburan Nasara? Ba ta jira maganar ta same ta a ɗaki ba, ita ta ɗauki mayafi ta tafi wurin limamin unguwa.

"Malam, shara nake yi, ba bauta ba. Ubana ya bar min amana. In haramun ne faɗa min in ji da kunnena."

Liman ya ce bai san inda aka hana riƙon amana ba. Ta dawo ta tsaya tsakar gida ta maimaita amsar da ƙarfi, yadda za a ji ta ƙetaren katanga.

Faɗan da ya fi ci mata rai da ƙanenta ta yi shi, wato Baba. Shi Baba ba ya son zancen Fortige ko kaɗan. In Goggo ta fara, sai ya tashi ya saka takalmi. Ya ce uban nasu ya musulunta, ya mutu Musulmi, magana ta ƙare. Wata shekara, da iyali suka yi masa yawa, gona ta yi kaɗan, sai ya yanke shawarar haɗe ɗan filin nan da sauran gonar. Bai gaya mata ba. Wata mai tallan nono ce ta shigo da safe ta ce ta ga garmar shanu ta nufi ƙarshen gona.

Ban taɓa ganin Goggo ta yi sauri irin na ranar ba. Na bi ta a guje. Muka tarar shanu sun kusa duwatsun. Ta wuce gabansu ta zauna daɓas a ƙasa, ta gyara zane. Mai garma ya ja igiya ya tsaya.

Baba ya ce, "Yaya, tashi. Kada ki tara min jama'a."

"Ka bi ta kaina."

"Ƴaƴana za su ci duwatsu ne? Mutanen nan ba danginmu ba ne, ba addininmu ɗaya ba. Ƴan uwansu ma sun tafi sun bar su."

"Shi ya sa ni ba zan tafi ba."

Mai garma ya kwance shanunsa ya ce shi ba ya cikin wannan. Magana ta kai gaban mai unguwa, aka bar filin yadda yake, aka ce a kewaye shi da ƙaya. Amma duk daminar nan Baba bai leƙo sashenmu ba. In Goggo ta aika masa da burodi, a dawo da shi. Takan karɓa ta rufe da faifai. Da daɗewa dai suka koma gaisawa, sama-sama, aka yi shekaru a haka.

Sai da ciwon ajali ya kwantar da Baba. Na zo daga Dungas duba shi, ina zaune ina yi masa fifita da rana, Goggo ta shigo da kunu. Ya dube ta ya daɗe.

"Yaya, ke kin samu uba. Ni tsokana na samu. Duk wanda ya kira ni ɗan Nasara a makarantar lakwal, ba ni da fuskar da zan tuna in ji sanyi."

Goggo ta ajiye ƙwaryar.

Ya ce, "Yaya muryarsa take?"

Ta zauna bakin gado. Ta ce muryar tana da kauri, kuma bai taɓa iya faɗin ƙ ba, ƙofa sai ya ce kofa. Ta ce ran da aka haifi Baba yana kan gini, aka aika masa, ya sauko da laka har gwiwar hannu, ya ƙi taɓa jariri sai da ya wanke hannu ya sake wankewa. Ta ce yakan ɗora shi a ƙirji ya yi ta yawo da shi tsakar gida, mata na dariya wai namiji da raino. Baba ya juya fuska bango. Na ajiye maficin na fita na bar su. Har Allah ya karɓi ransa, kullum da hantsi sai ta shiga ta ba shi wani labarin. Wasu a ciki ni ma ban taɓa ji ba.

Bayan rasuwar Baba ta ƙara sakin baki. Ta ce ta ga yadda mutum ke tsufa da yunwar labarin ubansa. Wani mushe, wato malamin lakwal ɗin unguwa, ya roƙe ta ta zo ta yi wa ɗalibansa bayani. Ta ƙi shiga aji. Ta ce su biyo ta. Ta zagaya da su gari a ƙafa: ga mangazar da ubanta ya gina, har yau ba ta tsage ba, ga inda tanderun mai burodi yake, ga kututturen tsamiyar. Daga shekarar ya zama al'ada, duk ajin da ya kai ƙarshe sai ya yi yawon Goggo. An kai ta gidan rediyon gari ma. Mai gabatarwa ya tambaye ta ko tana jin kanta Bahaushiya ko Baturiya.

Ta ce, "Ɗan nan, kai da wace ƙafa kake tafiya, dama ko hagu?"

Halinta da baƙi kuwa, duk tasha an sani. In mota ta sauke wanda ba shi da masauki, gidanmu ake nuna masa. Akwai wata mata daga ƙasashen bakin teku, ba ta jin Hausa, ba Musulma ba ce, mijinta ya wuce arewa ya bar ta da yaro mara lafiya. Goggo ta ba ta ɗakina na da, ta zauna har aka yi girbi. Maƙwabciyar nan tata ta leƙo ta katanga ta ce ta dai yi hankali, ba a san asalin mutane ba. Goggo ta ce, "Da matan Kwaya sun tsaya tambayar asalin mara lafiya kafin su dama kunu, da ba ki da abokiyar faɗa." Samarin unguwa masu shirin tafiya Aljeriya ko Libiya ma sukan zo sallama. Ba ta hana su. Takan cika musu leda da busasshen burodi ta ce, "Yadda za ku je musu, haka suka zo mana. Ku yi sana'a, ku gai da mutane. In an rufe ɗayanku a can, ku sa dutse, ku gaya wa wani ɗan garin sunansa."

Wata shekara, lokacin da Turawa ke iya yawo a ƙasar nan ba fargaba, wata farar mota ta furoje, irin ta ƙungiyoyin agaji, ta tsaya ƙofar gida. Wata Baturiya ta fito da tafinta. Tana aiki a Damagaram ne, ta ji ana zancen wata tsohuwa a Magarya. Tafinta ya fara bayani, Goggo ta ɗaga masa hannu. Ta ƙura wa matar ido, ta kama haɓarta ta juya fuskar gefe, sannan ta ce:

"Wannan goshin mai burodi ne."

Jikarsa ce. Ta ce kakarta ta mutu tana ambaton yarinyar da ta bari a ƙasar rairayi, kuma a danginsu ba wanda ya san ko da sunan garin daidai. Goggo ba ta ce a kawo ruwa ba, ba ta ce a shimfiɗa tabarma ba. Ta kama hannun matar suka kama hanyar gona, mu muna biye. Ta buɗe ƙayar, ta wuce kabari na farko da na biyu, ta tsaya a kan ƙaramin. Ta kira sunan yarinyar. Sannan ta tsuguna ta yi wata ƴar waƙar wasa da suke yi tare suna yara, tana tafa hannu a hankali. Baturiyar ta durƙusa a ƙasa. Ta kama waƙar daga tsakiya, suka ƙarasa tare. Tafinta ya koma gefe ya tsaya, don ba a bukatar sa.

Da suka dawo gida, matar ta ce za ta kai Goggo ƙasarsu ta ga garin ubanta, ta ga teku. Goggo ta yi dariya ta ce sai dai in jirgin zai tsaya ta yi salla. Amma bayan tafiyar baƙuwar na ga ta fito da zannuwanta masu kyau ta shanya, ta ninke, ta mayar. Matar ta kira a waya ƴan lokuta, aikinta ya ƙare ta koma, daga baya lambar ta daina shiga. Goggo ba ta taɓa yin ƙorafi ba. Sai dai in farar mota ta tsaya a layinmu, takan ce a leƙa a gani.

Ta ga teku sau ɗaya, da jikokin Baba suka haɗu suka kai ta Makka. A Jidda, ta tagar mota. Da ta dawo mata suka cika ɗaki ana yi mata barka, na tambaye ta, "Goggo, yaya tekun?" Ta ce, "Na gan shi. Ruwa ne mai yawa, gaskiyar ubana, ba shi da wancan gefe." Sannan ta ce, "Amma ba nasa ba ne."

Ba zan ce ba ta da aibi ba, don ita ma ba za ta yarda ba. Tana da faɗa. Ba ta iya ba da haƙuri da baki, sai dai ta aiko da abinci. In ka gyara mata labari, ko da kai ke da gaskiya, ka shiga uku. Amma ban san wani da ya riƙe alkawari tun ƙuruciya har ƙafafunsa suka daina kai shi gona ba, sai ita. Da tafiya ta gagara, a amalanke ake kai ta, ta zauna tana nuna mana inda tsintsiya ta tsallake.

Jinyarta ba ta yi tsawo ba. A kwanakin ƙarshe ta daina cin abinci, ta daina gane masu shigowa. Ranar da za ta cika, da hantsi, muna zaune kewaye da ita ni da matan gida, sai ta buɗe ido ta dubi ƙofa, fuskarta ta washe. Ta fara magana. Ba Hausa ba ce. Mun ɗauka ƴan kalmomin nan ne kawai suka rage mata, ashe yaren yana nan kwance a cikinta. Ta yi ta zuba shi, dogayen maganganu, da muryar da ban san ta da ita ba, siririya, irin ta yarinya mai kai ƙara. Takan tsaya kamar tana sauraron amsa, ta yi ƴar dariya, ta ci gaba. A wani wurin ta ɗaga yatsa tana nuni, kamar mai lissafa wa wani abubuwan da ta yi.

Ba wanda ya motsa. Ba wanda ya ɗaga waya, don a gidanmu ba a ɗaukar muryar mai jinya. Wata daga cikin matan ta raɗa min, "Me take cewa?" Na girgiza kai. Duk faɗin Magarya da Dungas ba mutum ɗaya da za mu aika a kira ya faɗa mana.

Da ta yi shiru, na sunkuya kusa da kunnenta na yi kalmar shahada. Ta juyo ta dube ni sosai, ta gane ni. Ta maimaita, tiryan-tiryan, ba gargada. Sannan ta lumshe ido.

Na riƙe abin da na iya riƙewa, shi ne na zuba a nan. Sauran ya tafi da ita, cikin yaren da ba mu ji. Allah ya jiƙan Goggo, ya haskaka makwancinta, ya yafe mata kurakuranta. Allah ya sada ta da uban da ta yi ta ba wa labari a safiyar nan, ya ba su wurin zama inda za su ƙarasa hirar.